Ƙaryar da Na Rubuta a Katin Gwaggonka

Kambarawa,
Katsina.

Zuwa ga ɗana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya sa garin da aka tura ka ya karɓe ka hannu biyu. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin mutum da na aljan.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, tunda ka bar kowa lafiya. Aikin da za ka fara ne ya sa na ɗauki biro. Kusan shekara talatin na yi a ɗakin shan magani ina wanke ciwo ina ɗinki, yau ga shi kai ma ka zama malamin asibiti. Ka fi ni karatu, takardarka ta fi tawa. Amma akwai abin da ba a koya muku a makaranta ba, ni ma ba a koya mini ba. Da kuskure na koye shi, kuma ba a jikina kuskuren ya ƙare ba, a jikin ƙanwata ya ƙare, gwaggonka Indo.

Ka tashi ka ga in ana yi mata magana sai ta juyo da kunnen dama. Aka ce maka ciwo ta yi tana yarinya. Ba ciwo ba ne. Mari ne.

Mijinta na farko, Garba, abokina ne tun muna gidanmu na bayan hasumiyar Gobarau. Ni na fara shigo da shi zaurenmu. Yana sayar da hatsi a Batagarawa, mutum ne mai sanyin murya, mai kyauta, ba ya wuce tsoho bai durƙusa ba. Ita ta ce tana son sa, ba wanda ya tilasta mata. Ya rasu yanzu, Allah Ya gafarta masa, kuma ba don in ci namansa na ambace shi ba. Laifina nake son ka gani.

Ba su cika shekara da aure ba, wata safiya ina kan aiki sai na hango ta cikin layi ta ja mayafi har kan ido. Da ta zauna na ɗage mayafin, na ga girarta ta hagu a tsage.

Na ce, "Indo, mi ya same ki?"

Ta ce, "Zamewa na yi a bakin rijiya, Yaya."

Garba yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin babur ɗinsa, yana cewa kullum sai ya yi mata faɗa a kan santsin wurin nan. Na kama hannunta zan yi mata allura, sai ga shatin yatsu huɗu a damtsenta, sun yi baƙi. Na gani, Aminu. Ba zan ce ban gani ba. Ta dube ni, na dube ta, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da neman zare. Na yi mata ɗinki, na ɗauki katinta na rubuta cewa faɗuwa ta yi. Har na raka su bakin titi ina yi wa Garba godiya da ya kawo ta da wuri.

Na gaya wa kaina cewa tsakanin miji da mata ba a shiga. Gaskiyar magana kuwa, tsoro na ji. In na tambaya za ta faɗa, in ta faɗa dole in yi wani abu, ni kuwa ban shirya rasa aboki ba.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Duk macen da aka kawo maka da rauni, ka sallami wanda ya rako ta ya jira a waje, ko mijinta ne, ko uwar mijinta, ko wanta. Ka ce haka dokar ɗakin take, ka faɗa da fara'a, kada ka nuna kana zargin kowa. In da ma'aikaciya mace, ta zauna tare da ku. Ka tambaya a hankali, in ta ce faɗuwa ta yi kada ka ƙaryata ta, kada ka matsa. Ka ce mata kawai irin wannan ciwon ka sha ganinsa, kuma duk ranar da take son magana ƙofarka a buɗe take. Sannan a kati ka rubuta abin da idonka ya gani: tsawon tsagar, wurin da take, shatin da ke damtse, launinsa. Abin da ta faɗa ka rubuta cewa ita ta faɗa. Kada ka mayar da shi maganarka.

Bayan kamar shekara biyu ta yi yaji. Lokacin mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gida. Da tsakar rana ta shigo, da ƙafa ta tako tun daga Batagarawa, da goyo a bayanta, leɓenta a kumbure. Inna, kakarka, ta karɓi jaririn tana kuka. Bayan la'asar sai ga Garba da dattawa biyu sun zo biko. Ya durƙusa a zaure, ya yi hawaye, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya rantse ba zai ƙara ba. Dattawan suka yi ta yabon gidanmu, suka ce gidan mutunci ne, ba a san mu da riƙe ɗiya ba. Maganar ta yi mini daɗi. Na shiga ciki na ce ta tashi ta shirya.

Ta ce, "Yaya, in ka ce in koma zan koma. Amma ka tambaye ni tukuna abin da ya faru."

Na ce, "Ba sai na ji ba. Ya ba da haƙuri. Kowace mace da kika gani da haƙuri take zaune."

Ni da kaina na ɗauke ta a babur na mayar da ita. Tun muna yara in na goya ta a keke rigata take riƙewa. Ran nan ƙarfen kujera ta riƙe har muka isa.

Haƙuri abu ne mai kyau, addininmu ya yabe shi, kai ma ina yi maka wasiyya da shi. Amma ni ban ba ta haƙuri don Allah ba, na ba ta ne don in huta. Ka kiyayi wannan. Za a riƙa kiranka sulhu, domin a ƙauye malamin asibiti babban mutum ne. Kada ka zauna a sulhun da ba a ji ta bakin matar ba, ita kaɗai, inda ba idon mijin. Kuma ka sani macen da ta ɗauki goyo ta fito cikin rana ba ranar ta fara tunanin fitowa ba. Ta daɗe tana aunawa, ta san surutun da za a yi mata, duk da haka ta fito. In wanda ta zo wurinsa ya juya ta, abin da mijin zai fahimta shi ne ba ta da kowa. Garba ya fahimci haka, kuma ni na fahimtar da shi.

Sau biyu na ƙara mayar da ita bayan wannan. Ba zan ɓoye maka ba.

Ranar da kunnen ya mutu, maƙwabciyarsu ce ta kawo ta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Dije. Jini yana fita ta kunnen hagu. Na duba na ga dodon kunnen ya fashe. Ina yi mata magana ta wannan gefen ba ta ji. A nan zuciyata ta tashi. Na sa mata magani, na bar su a kan benci, na hau babur sai kasuwar Batagarawa. Na tarar da Garba a rumfarsa yana awo. Na ci kwalarsa a gaban jama'a, na zage shi, na kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗa cikin gero. Mutane suka raba mu. Na dawo Katsina ina jin na cika namiji.

Da na iso sun tafi. Ta koma gidansa, domin 'ya'yanta biyu suna can, kuma ban ce mata ta jira ni ba, ban ce mata komai ba. Ka ga abin da na yi? Na kunyata mutum a gaban abokan cinikinsa, na bar ta a hannunsa. Ya sa kwaɗo a ƙofar gida. Kusan wata biyu ba mai shiga ba mai fita, ko Inna da ta je sai ta bayan ƙyaure suka gaisa. Abin da ya same ta a wannan wata biyun ba ta taɓa gaya mini duka ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Fushin nan ba don ita na yi shi ba, don kaina na yi, don in wanke shirun da na yi shekara da shekaru. Kai ma jininka zai tafasa, na san halinka. Idan ya tafasa ka tambayi kanka: ina za ta kwana yau? 'Ya'yanta suna ina? In mutumin ya ji an san abin da yake yi, a kan wa zai huce? Sai ka tabbata tana inda hannunsa ba zai kai ba, sannan a yi maganar hukunci, kuma hukuncin na hukuma ne, ba na tafin hannunka ba.

Wadda ta fitar da ita ba ta yi karatun boko ba, ba ta da babur, ba ta mari kowa ba. Iya Dije ce. Kullum da hantsi in Garba ya tafi kasuwa sai ta kafa turmi a jikin katanga ta hau, su yi magana. Daga baya Indo ta gaya mini cewa tambayar farko da tsohuwar ta yi mata ita ce, "Ke mi kike so a yi?" Ta ce tun da aka fara abin ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta amsa cewa tana son ta fita da 'ya'yanta, kuma tana son ta tsaya gaban alƙali. Iya Dije ta zo ta ɗauki Inna, suka je wurin mai unguwa, suka zauna a ƙofar gidansa suka ce ba za su tashi ba. Mai unguwa ya aika aka kira Garba, aka buɗe kwaɗon da rana tsaka, mutane suna kallo.

A kotu Garba ya musanta komai. Ya ce mace ce mai rawar jiki, kullum cikin faɗuwa take. Alƙali ya ce a kawo katinta na asibiti. Aka kawo, magatakarda ya karanta. Faɗuwa a bakin rijiya. Faɗuwa a kan dutsen niƙa. Bugun ƙyaure. Duk da rubutuna, duk da sa hannuna. Garba ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga shi wanta ne ma ya rubuta."

Indo ta juyo ta dube ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni na rubuta, kuma ƙarya na rubuta. Kowane ɗaya na san duka ne." Na faɗi abin da na gani tun daga shatin yatsun nan. Alƙalin, wani dattijo mai farin gemu, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai da aka ba amanar jikin mutane?" Bai ƙara ba, amma da ya sa an yi mini bulala da ya fi mini sauƙi. Iya Dije ma ta ba da shaida. Aka raba auren, aka bar mata yaran tunda ƙanana ne.

Za ka ɗauka daga nan na yi hankali. Ban yi ba. Na kawo ta gidana, lokacin kana rarrafe, na shiga yi mata gata irin na wanda yake jin kunyar kansa. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na ba shi labarinta, har in kira ta ta nuna kunnen. Mata suka riƙa zuwa kallonta suna salati. Ta ce tana son shiga ajin yaƙi da jahilci, na ce ta huta. Ta ce za ta koyi ɗinki a wurin wata mata a Ƙofar Soro, na ce me ta rasa a gidana. Ko unguwa za ta je sai na ce kada ta haɗu da Garba a hanya. Wata rana da safe ina shirin fita ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Yaya, can da kwaɗo aka kulle ni. Nan kuma da tausayi. Kuma labarin nan da kake rabawa nawa ne, ban ba ka ba."

Washegari ta ɗauki mayafinta ta tafi koyon ɗinki, ba ta nemi izinina ba, ni kuma ban hana ba.

Wadda aka daɗe ana duka an ƙwace mata ikon cewa e ko a'a. In kana son ka taimake ta, wannan ikon za ka mayar mata. Ka faɗa mata hanyoyin da ke akwai, asibiti, dangi, mai unguwa, kotu, ka bar ta ta zaɓa. Wata za ta zaɓi komawa, ranka zai ɓaci. Kada ka yi fushi da ita, kada ka ce ta ɓata maka lokaci. Ka ce ta dawo duk lokacin da ta so, domin wata sai ta fita sau da yawa kafin ta fita ta ƙarshe. Sirrinta kuma amana ne. Kada ya bi ka majalisa, kada ya bi ka gida. Wannan takardar ma sai da na je na same ta na nemi izini kafin in rubuta. Ta ce, "Gaya mashi duka. Kada ka rage naka."

Sauran ka san shi, ko da yake ba ka san tushensa ba. Ka san ɗakinta na ɗinki a nan Kambarawa, ka san matan da ke cika shi. Ba duka ɗinki ke kawo su ba. Wata takan zo da yadi a hannu don a gida a ce wurin tela ta tafi. Gwaggonka da wata malamar makaranta da ta yi ritaya da wata ungozoma su ne ke raka su asibiti, su raka su kotu, su nema musu inda za su fake kwana biyu. Shekarun mulkin soja a ɓoye suke yi, don in mutum goma suka taru sai an tambayi dalili.

Yanzu da soja suka koma bariki abin ya sake. Lokacin yaƙin zaɓe mai neman kansila ya zo ɗakin da jama'arsa, da atamfa da sabulu. Ina wurin. Gwaggonka ta juya masa kunnen dama ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, mun gode, amma zane muna da shi. Ɗaki muke so a asibitin unguwa, mai ƙyaure, inda mace za ta duba mace ba kowa a kanta." Ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ta ce, "To tunda ƙarami ne, faɗe shi da ƙarfi matan nan su ji. Mu ne muka fi tsayawa a layin ƙuri'a." Ya faɗa. Da ya ci zaɓe ya manta, kamar yadda ka zata. Su fiye da goma suka riƙa zuwa ofishinsa suna zama a benci da ɗinkinsu a hannu, ba zagi ba hayaniya, har ya gaji da ganinsu. An ba su ɗakin. Tsohon sito ne, su suka share shi suka yi masa farar ƙasa. Ni ma ina zuwa Litinin da Alhamis ina nuna wa sababbin ma'aikata yadda ake rubuta kati. Limamin unguwarmu kuma, da suka je suka same shi, ya yi huɗuba guda a kan cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba. Na ga maza suna fita daga masallaci ba mai kallon wani.

Ba na ce an gama ba. Amma ni na ga lokacin da ba a ko ambaton abin, yau ga shi ana faɗarsa a kan mumbari. Ban da shakka ku za ku kai shi inda mu ba mu kai ba. In ka isa, kafin ka san shugaban ƙaramar hukuma ka nemi tsohuwar da matan garin ke kai wa kuka. Kowane gari yana da ita. Ka gaishe ta, ka girmama ta, ka san ungozoma, ka san liman da mai unguwa. Kai kaɗai ba za ka iya ba, kuma ba a ce ka iya kai kaɗai ba. Wasu mazan za su ƙi ka, za a ce kana kashe aure. Ka yi musu sallama, ka duba 'ya'yansu in ba su da lafiya, ka ci gaba da rubuta gaskiya.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Bayan Sallah za a ɗaura maka aure da Maryam, ka tafi da ita garin da ba ta san kowa ba sai kai. Na san tarbiyyar da muka yi maka, ban taɓa ganin abin tsoro a tare da kai ba. Amma Garba ma ba wanda ya ga abin tsoro a tare da shi. Za ka gaji, za a ɓata maka rai a wurin aiki, za ta faɗi abin da ba ka so. In ka ji zuciya ta taso, ka fita, ka yi alwala, ka zaga gari. Hannunka na ɗinke ciwo ne. Kada ka hana ta zuwa gida, kada ka hana ta ƙawaye, kada ka hana ta sana'a. Na riga na gaya wa mahaifinta, na gaya mata ita ma a gaban mahaifiyarka, yanzu ina gaya maka: duk ranar da yarinyar nan ta zo ƙofata tana kuka da kai, zan zaunar da ita in ji ta bakinta har ƙarshe, kuma ba zan ce ta tashi ta shirya ba. Ran nan ni ubanta ne kafin in zama naka.

Na faɗa ne don ina da yaƙinin ba za ta zo ba, sai dai da goyo da tsaraba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka, Ya sa duk wanda ka taɓa ya samu sauƙi. Allah Ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya a inda take da wuya, Ya tsare ka daga zalunci, naka da na wani. Allah Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Gwaggonka ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Lawal.